Famfo na Biyu: Nazarin Matsalar Ƙirgen Mai a Wani Gidan Mai a Gombe

Gidan man da tsarinsa

Gidan man da wannan nazari ya shafa yana bakin hanyar da ta fita daga Gombe zuwa Bauchi. Mallakar wani ɗan kasuwa ne mai zaman kansa, kuma yawancin cinikinsa yana zuwa ne daga 'yan acaba da masu Keke Napep da direbobin motocin haya. Yana da famfunan fetur uku da na dizal ɗaya, kowanne da motonsa mai zuƙo mai daga tankin da ke binne a ƙasa. Idan an kawo wutar layi da ita ake aiki, idan an ɗauke sai a tada janareta a sauya da hannu. Kowace safiya manaja yana zura sandar awo cikin tanki, ya rubuta abin da ya rage, sannan ya kwatanta da jimlar litocin da famfuna suka ƙirga jiya. Tun daga 29 ga Mayun 2023, ranar da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin mai, farashin lita ya tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da naira 500 cikin 'yan kwanaki, saboda haka giɓin da a da ake kawar da kai a kansa ya zama abin da mai gida yake bi lita-lita.

Ba za a gane abin da ya faru ba sai an san yadda famfon yake ƙirga mai. A ɓangarensa na ƙasa akwai moto da matacin mai da na'urar raba iska da mai, sai kuma mita mai fistan huɗu, wadda a irin wannan samfurin take wuce da rabin lita a kowane juyi. A kan sandar mitar an ɗora wata ƙaramar na'ura da masu gyara ke kira falsa, wadda a cikinta akwai faifai mai ramuka da haske da idanu biyu masu ganin hasken. Duk ramin da ya gifta gaban ido, falsa tana aika bugun lantarki ɗaya zuwa sama, kuma a wannan famfon bugu 100 ne lita ɗaya, wato kowane bugu mililita 10 ne. A ɓangaren sama kuma bodin kwamfuta yake, kuma shi bodin ba ya ganin mai ko kaɗan. Bugu kawai yake ƙirgawa, ya ninka da lambar saiti ya fitar da lita, ya ninka da farashi ya fitar da kuɗi, ya nuna a fuskar famfo. Shi ne kuma yake kunna moto idan an ɗaga kan famfo, kuma shi yake rage buɗewar bawul dab da cikar kuɗin da mai saye ya ambata, domin man ya tsaya daidai a kan adadin.

An sa idanu biyu a falsar ne da gangan, kowanne da layin wayarsa zuwa bodi. An ɗan goce ɗaya daga ɗaya ta yadda bugun layin farko yake riga na biyu da rubu'in taki, kuma daga wannan jerin bodi yake gane ko faifai gaba yake juyawa ko baya, yana kuma gane ko bugun na gaskiya ne. Tamkar shaidu biyu ne a gaban alƙali: idan ɗaya ya ce mai ya wuce ɗaya ya yi shiru, bodi ba ya karɓar maganar, sai ya tsayar da moto ya nuna lambar kuskure. Ƙa'idar awo ta duniya da aka fi bi wajen ƙera famfunan mai, OIML R117, ta yarda da kuskuren da bai wuce rabin kashi ɗaya cikin ɗari ba, wato mililita 100 a cikin lita 20. A Najeriya hukumar NMDPRA, wadda dokar masana'antar man fetur ta 2021 ta kafa ta gaji aikin tsohuwar hukumar kula da harkar mai ta DPR, da kuma Sashen Awo da Ma'auni na ma'aikatar masana'antu da ciniki ta tarayya su ne masu bincikar famfunan gidajen mai.

Janairu zuwa Fabrairun 2024: famfo yana yankewa

A tsakiyar hunturu, lokacin da ƙura ta rufe gari, famfo na biyu ya fara tsayawa ana cikin zuba mai. Sai ya kashe moto, lambar kuskure ta fito, a mayar da kan famfo a sake ɗagawa kafin ya ci gaba. Da farko jefi-jefi ne, daga baya ya zama sau da yawa a yini, kuma kowane yankewa yana jawo musu da mai saye kan ko za a haɗa ƙirgen farko da na biyu.

Mai gyaran da aka fara kira ya yi zargin wayar falsa ce ta karye a ciki. Ya yanke wani sashe nata ya jona sabuwa, ya naɗe da baƙin tef, ya ɗaure ta a jikin wayar moto don kada ta riƙa lilo. Yankewar ba ta daina ba. Da ya dawo karo na biyu sai ya shiga saitin bodi da lambar sirri, ya sauya nau'in falsa daga mai layi biyu zuwa mai layi ɗaya. Nan take famfo ya daina tsayawa. An gwada shi da ma'aunin lita 20 a kan wutar layi, ya cika daidai, aka biya shi ya tafi. Bai rubuta abin da ya sauya ba, manaja kuma bai tambaya ba.

Afrilu zuwa Mayun 2024: koken masu saye

A watan Afrilun 2024 aka lalata wasu turakun babban layin wuta da ya taso daga Jos zuwa Gombe, wuta ta yi ƙaranci matuƙa a Gombe da jihohin da ke maƙwabtaka da ita har tsawon makonni. Gidan man ya koma kan janareta daga safe har dare. Da yake babban janaretan yana shan dizal da yawa, mai gida ya kawo wani ƙarami da za a riƙa amfani da shi idan ciniki ya lafa, kuma wanda ya haɗa shi ya jona wayoyin wuta ne kawai.

'Yan acaba ne suka fara magana. Su ne masu sayen mai kaɗan-kaɗan, sun kuma san inda man naira 1,000 yake tsayawa a tankinsu da ido, sai suka riƙa ƙin tsayawa a famfo na biyu ko da babu layi a gabansa. Wata rana wani direba ya zo da jarkarsa mai lita 20, aka ƙirga masa lita 20, jarka ba ta kai inda ta saba kaiwa ba, aka yi hayaniya a gaban jama'a. A littafin manaja kuwa tanki rara yake nunawa, domin litocin da aka karɓi kuɗinsu sun fi waɗanda suka bar tanki, amma ya ɗauka kumburin da mai ke yi ne saboda zafin bazara, tunda fetur yana ƙaruwa da kimanin kashi ɗaya cikin dubu a kowane digiri ɗaya na zafi. Wannan bayani bai tsaya da ƙafarsa ba, domin tankin ƙasa ba ya bin zafin rana sosai, kuma famfuna na ɗaya da na uku daga tanki ɗaya suke sha ba a yi kuka da su ba.

Tsoron kada masu bincike su zo su rufe gidan ya sa aka kira wani mai gyaran dabam. Ya gwada da ma'auni, yana matsa kan famfo har ƙarshe, ya ga idan fuska ta nuna lita 20 abin da ya shiga ma'auni bai wuce lita 19 da rabi ba. Ya yanke hukuncin saiti ne ya goce, ya gyara lambar saiti har ma'auni ya cika, aka sake gwadawa aka ga ya yi kusa da daidai. Duk wannan a kan janareta aka yi shi, kuma da sauri kawai aka gwada, ba a gwada a hankali ba.

Yuni zuwa Yulin 2024: mai yana ɓacewa

Da aka gyara layin wuta ta dawo, sai rarar ta juye ta zama giɓi. Famfo na biyu yana sayar da kimanin lita 2,000 a yini, kuma a ranakun da wutar layi ta daɗe sandar awo tana nuna giɓin da ya kai lita 40 zuwa 50, a wasu ranaku kuma kusan babu komai. Rashin tsayuwar giɓin a kan adadi ɗaya ne ya sa hankali ya koma kan mutane. A makonnin nan wuta ta fi samuwa da safe, kuma matashi ɗaya ne yake riƙe da famfo na biyu da safe, sai lissafi ya riƙa faɗawa a kansa. An cire masa kuɗi daga albashin Yuni, ya rantse bai ɗauki ko ɗigo ba, aka dakatar da shi. Wanda aka sa a madadinsa bai yi mako guda ba giɓin ya bayyana a hannunsa shi ma.

Daga nan aka koma zargin mita, a kan cewa fistan ɗinta sun ci har mai yana sulalewa ba tare da ƙirge ba. Wannan zato ne mai ma'ana, domin tsohuwar mita takan yi hakan. An sayo sabuwa aka ɗaura, aka cire tsohuwar falsa daga kan waccan aka ɗora a kan wannan, aka saita a kan wutar layi. Giɓin tanki ya ɓace, amma kafin mako ya zagayo 'yan acaba sun sake ƙaurace wa famfon da yamma, lokacin da janareta ke aiki. Ganin cewa abin yana da alaƙa da wuta, mai gida ya sayi sitabilaiza aka haɗa wa bodin. Ita ma ba ta sauya komai ba, domin aikinta ɗaga ƙarfin wuta ne ko sauke shi idan ya goce na ɗan lokaci, ba ta kuwa iya tare tsalle-tsallen lantarki masu zuwa su wuce cikin ƙasa da ƙiftawar ido.

Agustan 2024: gwajin da ya nuna tushen

Mai gyara na uku, wanda ya taɓa aiki da masu shigo da famfuna, ya ce wa mai gida ba zai taɓa ko ƙusa ɗaya ba sai ya yi awo huɗu a rubuce. Ya cika ma'aunin lita 20 da sauri a kan wutar layi, ya cika shi a hankali a kan wutar layi, sannan ya maimaita duka biyun a kan ƙaramin janareta alhali famfo na ɗaya yana ta aiki a gefe. A kan wutar layi awo biyun sun faɗa cikin iyakar mililita 100. A kan janareta awon sauri ya gaza da kimanin rabin lita, na hankali kuma ya gaza da kusan lita ɗaya.

Wannan bambancin shi ne ya warware zaren. Idan lambar saiti ce ta goce, kuskuren zai zama iri ɗaya ne a kowane gudu kuma a kowace wuta. Idan mita ce ta ci, mai saye ne zai samu ƙari a gudun hankali, domin a lokacin ne mai ya fi sulalewa ta gefen fistan. A nan kuwa mai saye ne yake cutuwa, kuma cutuwar tana ƙaruwa da tsawon lokacin da aka ɗauka ana zubawa, ba da yawan man ba. Ma'anar haka ita ce akwai bugu da ke shiga bodi ba daga juyin faifai ba. Don tabbatarwa ya ɗaga kan famfo bai matsa ba, ya sa aka riƙa kunna moton famfo na ɗaya ana kashewa, sai ga lambobi suna motsi a fuskar famfo na biyu alhali ko ɗigon mai bai fito ba. Masu zuba mai suka ce sun sha ganin haka, sun ɗauka iska ce a cikin tiyo. Wannan ya kuma bayyana dalilin da 'yan acaba suka riga kowa ganewa, tunda a hankali ake zuba musu don kada ƙaramin tankinsu ya yi ambaliya.

Sai dai bodi mai duba layi biyu bai kamata ya karɓi irin wannan bugun ba. Don haka ya rubuta lambobin saitin kowanne, ya ciro bodin famfo na uku ya saka a na biyu. Kafin a zuba lita biyu moto ya tsaya, lambar kuskuren da aka rabu da gani tun Fabrairu ta dawo. Da ya kwatanta saitin bodi biyun layi-layi, bambanci ɗaya ya gani, wato nau'in falsa.

Sauran abubuwan ido ya gan su bayan an kashe wuta an buɗe ƙasan famfon. Murfin falsa ya tsage a gefe, ƙura ta shiga ta kwanta a kan ido na biyu, kuma ƙafar wayarsa ta yi sako-sako a soket. Wannan shi ne ciwon asali na watan Janairu. Wayar falsa ta asali tana lulluɓe da ragar ƙarfe mai kare ta daga hayaniyar lantarki, amma a wurin jonin ragar ta yanke, sabon sashen kuma waya ce ta gama-gari, ga ta ɗaure jiki da jiki da wayar moto. Jonin kansa yana cikin ɓangaren da tururin fetur ke taruwa, inda masu ƙera famfo ba sa yarda da haɗin waya sai cikin akwati rufaffe na musamman, kuma tef ɗin ya fara saki. A bayan ofis an tarar maɗaurin wayar ƙasa, wadda ke kwashe wutar da ta ɓace ta kai ta cikin ƙasa, ya yi tsatsa ya rabu da sandarsa, ƙaramin janareta kuma ba a haɗa niyutural ɗinsa, wato wayar da wuta ke komawa ta cikinta, da ƙasa ba. A kan wutar layi niyutural yana da ƙasa tun daga taransfoma, shi ya sa hayaniyar take raguwa. A kan janareta kuwa ba ta da wurin zuwa, sai ta bi wayar da ta fi rauni. Famfuna na ɗaya da na uku suna cikin wannan hayaniyar su ma, amma ragar wayoyinsu tana nan lafiya, kuma duk bugun da ya shiga layi ɗaya bai zo da ɗan'uwansa a jere ba bodinsu ba ya lissafa shi.

Gyaran

An rufe famfo na biyu kwana biyu. An sa sabuwar falsa da wayarta guda ba joni, aka bi da ita nesa da wayar moto, aka toshe mashigarta yadda ya kamata. An mayar da bodi kan duba layi biyu. Mai aikin lantarki ya kafa sabuwar sandar ƙasa da sabon maɗauri, ya haɗa jikin kowane famfo da ita, ya kuma gyara haɗin niyutural na janaretan. Sai bayan an gama duk wannan aka taɓa lambar saiti, aka maimaita awo huɗun nan, kowanne ya faɗa cikin iyaka. An sauya lambar sirri, aka ɗaure makunnin saiti da hatimi, aka buɗe littafi a ofis inda duk mai gyara zai rubuta abin da ya sauya da abin da ya tarar kafin ya sauya. Manaja ya ƙara shafi a lissafinsa na safe don rubuta awannin da aka yi a kan janareta. An kira matashin da aka dakatar, aka mayar masa da kuɗin da aka cire da aikinsa.

Oktoban 2024

A wannan watan farashin fetur ya haura naira 1,000, kuma gurbin farashi a famfunan fetur yana da lambobi biyar ne da aka saita su tsaya a 999.99, don haka dole aka kira mai gyara ya matsar da ɗigon goma a gurbin farashi ya kuma tabbatar lissafin kuɗi ya bi shi, aka rubuta a littafi. A ƙarshen watan kuma yawancin Arewa ta shiga duhu na kwanaki saboda matsalar manyan layukan wuta, gidan man ya sake komawa kan janareta yini da dare. An gwada famfo na biyu da sauri da kuma a hankali a cikin waɗannan kwanakin, bai fita daga iyaka ba, lissafin tanki kuma bai nuna rara ko giɓin da ya wuce na sauran famfuna ba.

Hukunci

Ciwon farko ƙarami ne, domin ƙura ce da ƙafar waya, kuma bodin ya yi aikin da aka ƙera shi ya yi lokacin da ya ƙi ci gaba da ƙirge. Sauya saiti zuwa layi ɗaya shi ne babban kuskure a duk lamarin, saboda ya mayar da matsalar da kowa yake gani zuwa wadda ba a gani sai a jarkar mai saye ko a sandar awo. Gyaran saiti na watan Mayu da sauyin mita na Yuli sun gaza ne saboda dalili ɗaya: an auna famfon a yanayi guda, an ɗauka sakamakon zai tsaya a kowane yanayi. Awon hankali ɗaya na minti biyu a watan Mayu da ya nuna cewa ba saiti ba ne. Gyaran Agusta ya yi aiki ne domin an bi tsari daga tushe, an tsarkake bugun kafin a saita ƙimarsa.

Mai gida da manaja suna da nasu kason. An yi shiru lokacin da littafi yake nuna rara, an yi gaggawa lokacin da ya nuna giɓi, kuma an hukunta ma'aikaci kafin a gwada na'ura, alhali kwatanta giɓin da awannin wuta aiki ne na biro da takarda.

Akwai kuma rauni a ƙirar bodin kansa. Lambar sirri ɗaya ce take buɗe sauyin farashi, wanda ake yi kusan kowane wata, da kuma kashe duba layi biyu, wanda bai kamata a iya yi ba sai an karya hatimi. Akwai bodi da ke ajiye ƙirgen duk sauyin da aka yi wa saitin awo ta yadda ba za a iya gogewa ba, kuma da wannan yana da shi, mai gyara na biyu zai ga an taɓa wani abu tun kafin ya fara aiki. Haka kuma gidan man ba shi da kwamfutar ofis mai haɗe da famfuna da ke ajiye kowane ciniki da lokacinsa, bodin kuma jimla kawai yake riƙewa. Saboda haka an iya lissafa asarar mai gida ta watan Yuni daga littafin tanki, an iya mayar wa ma'aikaci haƙƙinsa, amma masu sayen da aka rage wa mai a Afrilu da Mayu da yammacin Yuli babu wata takarda da za ta nuna su wane ne ko nawa aka rage wa kowannensu.